Wa Ya Ce Maganin Asibiti Kyauta Ne?

 Akwai wata magana da ta yi yawa a bakin 'yan kasuwarmu, wai katin asibiti na gwamnati aikin banza ne, wai abin kyauta ba shi da albarka, gara mutum ya riƙe kuɗinsa ya biya ranar da ciwo ya zo. Masu faɗin haka galibi masu hali ne, waɗanda in kai ya sara musu sai su shiga mota su nufi likitan kuɗi. To, ni ban yarda ba.

Da fari dai, wa ya ce kyauta ne? Bayan da aka yi dokar inshorar lafiya a shekarar 2003, zamanin Shugaba Kufuor, sai aka ɗora haraji na sidi 2 da rabi cikin kowane sidi 100 a kan yawancin kayan da mu ke saye da sayarwa. Mai sayen atamfa ya biya, mai sayen siminti ya biya. Ma'aikata kuwa daga kuɗinsu na fansho a ke cirewa. Ashe kuɗinka ya riga ya shiga asusun, ko ka yanki kati ko ba ka yanka ba. Wanda ya ƙi yanka ya zuba adashi ne ya bar wa wasu kwasa.

Yaran yanzu ba su san abin da ya wuce ba, amma dattawa sun sani. Da Gana ta sami mulkin kai a 1957, Nkrumah ya sa a yi magani a asibitin gwamnati ba ko kwabo. Abin bai ɗore ba, domin baitulmali kaɗai aka dogara da shi, da farashin koko ya faɗi sai hannun gwamnati ya yi gajere. A 1985 gwamnatin Rawlings ta ɗora kuɗin asibiti mai nauyi, daga nan aka shiga zamanin kash-an-kari, watau ajiye kuɗi kafin a taɓa ka. Mace tana naƙuda, mijinta yana yawon neman rance. A haihu lafiya, a riƙe uwa da jariri sai an biya. Mutane suka ƙaurace wa asibiti, sai ciwo ya ci ƙarfinsu a kwashe su ranga-ranga. Wannan a ke so mu koma? Tun 2008 mai ciki ba ta biyan kuɗin kati, kuma haihuwa, har da wadda a ke yi da tiyata, tana cikin abin da kati ya ɗauke. Yaro ƙasa da shekara 18 da tsoho mai 70 an ɗauke musu kuɗin shekara, sai ɗan na rajista kurum.

Aibi kam akwai shi, ba mai musu. Ka wuni a layi, likita ya duba ka, a ce magani babu, je ka saya a kanti. An sha yin watanni asibitoci suna bin hukumar inshora bashi, su kuma su huce a kan mai kati. Manyan ayyuka irin su dashen ƙoda kati bai ɗauke su ba. Amma in rijiyar unguwa ta yi laka, yasa ta a ke yi, ba a cike ta da ƙasa. Mu da mu ke biyan harajin nan, mu ne da hakkin tambayar ɗan majalisarmu ina kuɗin su ke tafiya, ranar da ya zo zango neman ƙuri'a.

Wasu kuma sun ce inshora caca ce. Wace caca? Jama'a sun haɗa kuɗi don mai zazzaɓi da mai hawan jini su sami magani. Asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira wajen 1284 da dukiyar waƙafi a ke tafiyar da shi, talaka ba ya biya.

Saboda haka kowane maigida ya duba katin iyalinsa, shekara ɗaya ya ke yi ya mutu. Ana sabunta shi ta wayar hannu, a buga *929#. Wanda bai iya ba ya zo zauren Liman bayan la'asar, akwai samarin da za su taya shi. Haza wasalam.

Magatakardan Liman