Kuɗin Tumatirin Baba da Kunyar da Ta Hana Ni Zuwa Gida

Yau ina so mu tattauna a kan wani abu da ba mu cika son faɗa ba, wato laifi da kunya. Ra'ayina shi ne, gafarar da Yesu Almasihu yake bayarwa tana fitar da mutum daga maɓoya, amma ba ta ce masa ya manta da haƙƙin da ya ci ba. Ba a littafi na koyi wannan ba, a kaina ya faru.

Mahaifina ɗan kasuwa ne. Yana sayen tumatir a wajen Danja ta Jihar Katsina, ya yi lodi zuwa kasuwar Mile 12 a Ikko. Da na gama sakandare sai ya turo ni in zauna a nan, ina karɓar kaya tare da dillalinsa, ina aika masa kuɗi. A farkon 2023, lokacin da canjin takardun naira ya jawo ƙarancin tsabar kuɗi, masu saye suka koma biya ta waya, kuɗin Baba duk suka riƙa shigowa asusuna. A lokacin na riga na fara cacar ƙwallo a waya da ɗari biyar, dubu ɗaya. Cikin makonni uku na cinye naira dubu 380 na Baba, kullum ina cewa wasan gobe zai mayar mini.

Da ya kira, sai na ce kwanduna da yawa sun ruɓe a hanya, sauran kuma masu saye ba su biya ba saboda matsalar banki. Ya yarda, domin kowa ya san halin da ake ciki. Har ya ce, "Kada ka damu, yaro, kasuwa ta gaji haka." Wannan magana ta fi mari zafi.

Wata tara ban je gida ba. Na daina zuwa sujadar Hausa da muke yi ran Lahadi, in kuma na je, sai in fice kafin Jibin Ubangiji. In Inna ta kira sai in ce ina cikin hayaniyar kasuwa. A nan na gane laifi daban, kunya daban. Laifi yana ce maka ka yi sata. Kunya kuwa tana ce maka kai ɓarawo ne, ba za ka sake zama wani abu ba, don haka ka ɓuya.

Kada a fahimce ni a karkace. Mu Hausawa kunya ado ce a wurinmu, kuma ina girmama ta. Ni ɗan fari ne, ban taɓa jin Baba ya kira sunana ba, saboda kunya. Irin wannan tana gyara zama. Amma akwai wata kunyar wadda take sa mutum ya fi tsoron bakin mutane a kan tsoron Allah. Ita ce ta sa Adamu da Hawwa'u suka ɓuya a cikin itatuwan gonar Aidan, kamar yadda Farawa sura 3 ta nuna. Ita ce kuma take riƙe samarinmu da yawa a Agege da Idi-Araba da Sabo na Badun, shekara da shekaru ba su leƙa gida, don jari ya karye ko sun ci amanar wani.

Wani dattijon ikilisiya, mai gadi ne a wata ma'aikata, shi ya lura da ni. Bai tsare ni da tambaya ba. Ya dai ce, "Ɗana, je ka karanta labarin Bitrus da na Yahuza, ka zo ka gaya mini bambancinsu." Na karanta. Dukansu biyu sun ci amanar Ubangijinsu a dare ɗaya. Yahuza ya yi nadama, har ya mayar da azurfa talatin ɗin, amma ya tafi shi kaɗai ya rataye kansa. Bitrus ya yi musun sanin Yesu sau uku, ya yi kuka mai zafi, amma bai rabu da 'yan'uwansa ba. A Yohanna sura 21, a bakin tekun Tibariya, Yesu ya tambaye shi sau uku ko yana ƙaunarsa, sa'an nan ya damƙa masa kiwon tumakinsa. Bai jira Bitrus ya wanke kansa ba tukuna. Abin da ya warware ni ke nan: an riga an biya zunubina a kan gicciye, kuma wanda ya biya ya san adadin kuɗin da na ci tun kafin in furta.

Na san wasu za su ce ai wannan sauƙi ya yi yawa, ka ci kuɗin mutane ka ce Yesu ya yafe. Suna da gaskiya in a nan aka tsaya. Amma a duba Zakka mai karɓar haraji a Luka sura 19. Da Yesu ya shiga gidansa, shi da kansa ya yi alkawarin mayar wa duk wanda ya cuta ninki huɗu. Ba biyan ne ya sayo masa gafara ba, gafarar ce ta ba shi ƙarfin biya.

Da Kirsimetin 2023 na hau mota na tafi gida. Bayan cin tuwon dare na durƙusa gaban Baba na faɗi komai. Ya daɗe bai ce uffan ba. Daga baya ya ce, "Dillali ya gaya mini tun watan Maris. Ina jira ne in ji daga bakinka." Ya yafe mini, amma bai mayar da kuɗin kasuwa hannuna ba, kuma ban ga laifinsa ba. Yanzu dako da lodi nake yi, ina aika masa dubu 15 duk wata. Na goge manhajar caca, dattijon nan kuma yana duba wayata duk Lahadi da yardata.

Ina roƙon fastocinmu da dattawa su yi tunani a kan yadda ake yin horo a wasu majami'unmu. In abin da matashi ya sani shi ne za a kira sunansa gaban jama'a a kai shi bencin baya, to zai zaɓi ya yi shiru har abin ya ci shi. Horo yana da wurinsa, amma a bar ƙofar da mutum zai iya shigowa ya faɗi gaskiya ba tare da an mai da shi abin hira ba.

Kai kuma ɗan'uwana da kake ƙin ɗaga wayar gida, ka nemi mutum ɗaya mai tsoron Allah ka gaya masa a wannan mako. Wataƙila na gida sun riga sun sani, kai kawai suke jira.

Ubangiji ya ba mu salamarsa. Sai wani jiƙon.