Wace Irin Taya Za Mu Sa Wa Motar Ƙungiya?

'Yan'uwa manoma, duk ƙungiyar da ta tara kuɗi ta sayi a-kori-kura ta san ranar da direba zai zo gaban kwamiti ya ce tayoyi sun suɗe. A ranar ne gardama takan tashi. Ma'aji yana son mai araha. Samari suna son mai manyan haƙora irin ta tarakta, wai ita ce za ta fid da mu daga laka. Direba kuwa yakan yi shiru, ko da yake shi ne ya fi kowa sanin hanyar. Mun zauna a irin wannan taro ba sau ɗaya ba, don haka muke so mu faɗi namu ra'ayin a fili.

Da farko mu dubi aikin da motar take yi. Da safe ta kai taki ƙauye ta hanyar burji mai gargada. Da rana ta hau kwalta da buhunan masara zuwa kasuwa. Da kaka ta shiga cikin gona, inda kututturen dawa da ƙaya suke jiran gefen taya. Wani dare kuma a buga wa direba ƙofa, a ce mace tana naƙuda, sai asibiti. Mota ɗaya ce take yin duk wannan, kuma ba mu da halin canja mata taya bisa ga lokacin shekara.

Masu yin taya sun kasa tayoyin irin waɗannan motoci kashi uku, kuma yawanci sukan rubuta alamar a gefen tayar. Mai alamar H/T ta kwalta ce, zanenta ƙanana ne, ba ta ƙara, ba ta sa mota shan mai. Mai alamar M/T ta laka ce, ita ce mai manyan haƙoran nan. Mai alamar A/T tana tsakani: haƙoranta sun fi na tayar kwalta zurfi da tazara, amma ba su kai na tayar laka ba. Mu dai A/T muka zaɓa.

Samarinmu suna da gaskiya a abu ɗaya. A cikin baƙar laka mai danƙo ta fadama, a watan Agusta, tayar laka ta fi. Tazarar haƙoranta tana watsar da laka yayin da take juyawa, ita kuwa A/T takan cushe ta zama sumul. To, amma direba ya buɗe littafinsa mu ƙirga. Kwana nawa a shekara motar take shiga irin wannan laka, kwana nawa kuma take kan kwalta da busasshen burji? A kan kwalta tayar laka tana kuka, tana saurin cinyewa, tana kuma ƙara wa mota shan mai, ga shi tun da aka cire tallafin fetur a 2023 kowace lita sai an yi lissafinta. Abin da ya fi damunmu shi ne birki. Idan ruwa ya jiƙa kwalta, robar da take taɓa ƙasa a tayar laka kaɗan ce, sai motar ta ƙara tafiya kafin ta tsaya, alhali akwai mutane a baya. Ƙungiyar da hanyarta laka ce daga Yuni har Oktoba, ta sayi M/T, ba mu hana ba. Sauranmu gara mu ajiye shebur da igiya da katako biyu a bayan mota, mu kuma koyi haƙurin jiran rana ta ɗan busar da hanya.

Amma zane ba shi ne babbar magana ba. Babbar magana ita ce nauyi, kuma ita ce ba a cika tayarwa a taro ba. A gefen kowace taya akwai lambar da take nuna iyakar abin da za ta ɗauka. Misali, idan an rubuta 205R16C 110/108, harafin C yana nufin an yi ta don motar kaya, kamar yadda LT yake nufi a kan wasu. Lamba 110 kuwa tana nufin kilo 1,060 a kan taya ɗaya. Lamba 104 kilo 900 ce, 112 kuma kilo 1,120. Tayoyin baya biyu masu lamba 110 za su ɗauki kilo 2,120 ke nan, kuma nauyin bayan motar kanta yana cikin wannan lissafi. Buhun masara goma tan ɗaya ne. Buhun taki ashirin ma tan ɗaya ne. Mun san kanmu: mukan loda goma sha biyar, sa'an nan mutum shida su hau sama da akuya. Akwai tayoyin A/T da aka yi don motocin shiga na masu hali, girmansu ɗaya da namu, zanensu mai kyau, amma gefensu laushi ne. Wanda aka aika saye ya duba C ko LT, ya duba lambar nauyi, kada ta gaza wadda aka rubuta a jikin ƙofar direba ko a littafin motar.

Sai maganar ma'aji, wato taya ta hannu. Ba mu ga laifinsa ba, kuɗin jama'a yake tsaro. Tun da Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ma ta daina yin taya a Ikko a 2008, sabuwar taya ta zama kayan ƙasar waje, farashinta yana bin dala. Duk da haka ba mu yarda a sa wa motar ƙungiya tsohuwar taya ba. Roba tana tsufa ko da zanenta bai cinye ba, kuma ido ba ya ganin wayar da ta karye a ciki. Da yawa daga cikin waɗanda ake kawowa daga Turai an yi su ne don lokacin ƙanƙara, robarsu mai taushi ce, zafin kwaltarmu na watan Afrilu yana cinye su da sauri. Shi ya sa ma gwamnati ta sa tsofaffin tayoyin ƙananan motoci cikin kayan da aka hana shigo da su. Idan taya ta fashe da tan ɗaya a baya, rarar da ma'aji ya yi ba za ta biya gyaran mota ba, balle kuɗin asibiti.

Ko a shagon sababbi ma a duba shekarar. Bayan haruffan DOT akwai jerin lambobi, huɗu na ƙarshe su ne ranar haihuwar tayar. Idan an ga 2322, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2022. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta sha gargaɗin direbobi a kan tayar da ta wuce shekara huɗu. Saboda haka tayar da ta yi shekara uku a ɗakin ajiya ba sabuwa ba ce, ko da tana cikin ledarta.

Idan kuɗi bai kai na huɗu ba, a sayi biyu iri ɗaya, a sa su a baya. Kada a haɗa A/T da tayar kwalta a layi ɗaya. Motar da take ja da ƙafa huɗu kuwa, lalle girman tayoyinta duka ya zama ɗaya, in ba haka ba giyarta ce za ta sha wahala.

Abu na ƙarshe shi ne iska, kuma a nan ne muke kashe tayoyi masu kyau. Mai faci na bakin hanya sau da yawa da ƙafa ko da guduma yake awo. Ƙungiya ta sayi ma'aunin iska nata, ba shi da tsada, direba ya auna kowane mako da safe kafin taya ta yi zafi, bisa ga abin da aka rubuta a jikin ƙofa. Taya mai ƙarancin iska, da kaya mai nauyi, a kan kwalta mai zafi, ita ce take fashewa. An yarda a rage iska kaɗan don a wuce yashi, amma a mayar da ita kafin a hau kwalta. Bayan kowace kilomita dubu goma a juya na gaba su koma baya. Idan zane ya cinye har ya yi daidai da 'yan tudun nan da suke cikin kwarinsa, saura milimita 1.6 ke nan, tayar ta gama aiki. Ga hanyoyinmu ma ya kamata a cire ta tun kafin ta kai nan.

Muna roƙon kowane kwamiti, a taro mai zuwa a fita waje a zagaya motar, a karanta lambobin nan, sakatare ya rubuta su. A sauko da safaya ma a duba ta, a auna iskarta. Sa'an nan a yanke nawa za a riƙa cirewa daga kuɗin kowane lodi a ajiye don taya, a kuma bar direba ya yi magana kafin a ɗaga hannu.