SHARHI: Kishin Jiha da Batun Karanta Alƙawari a Makarantun Gwamnati

Kamar yadda jama'a suka sani, a ranar 29 ga watan Mayu na shekarar 2024 ne Shugaban Ƙasa Bola Ahmed Tinubu ya sanya hannu a kan dokar da ta maido da tsohon taken Nijeriya, wanda aka yi amfani da shi daga 1960 zuwa 1978. Wannan mataki ya sa malaman firamare da na sakandare, tun daga Kiru da Bebeji har zuwa Tudun Wada da Doguwa, suka koma koyon baitocin da yawancinsu ba su taɓa rerawa ba a lokacin da suke ɗalibai, domin su koyar da yaran da ke hannunsu. Haka kuma ya sake tayar da muhawara a kan abin da 'ya'yanmu ke faɗa kowace safiya a filin makaranta kafin su shiga aji.

Ɗaya daga cikin rassan wannan muhawara shi ne batun kishin jiha. Da yake wasu jihohin ƙasar nan, irin su Ogun da Ekiti, suna da taken kansu, akwai masu ganin ya dace kowace jiha ta kasance da take da kuma alƙawari nata na musamman, wanda yara za su riƙa karantawa bayan na ƙasa. Akwai kuma masu ganin yin hakan ƙarin nauyi ne da ba zai haifar da komai ba. Mun ga ya dace mu duba hujjojin ɓangarorin biyu, saboda duk abin da aka tsayar a irin wannan batu, hedimastoci da Sakatarorin Ilimi na ƙananan hukumomi ne za su aiwatar da shi, kuma iyaye da dagatai da masu unguwanni ne za su amsa tambayoyin jama'a a kansa.

Asalin alƙawarin ƙasa

Alƙawarin da yaranmu ke karantawa a yau ya samo asali ne a shekarar 1976, lokacin da wata malamar jami'a, Felicia Adebola Adedoyin, ta rubuta shi aka buga a jaridar Daily Times. Gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta karɓe shi, ta kuma ba da umarnin a riƙa karanta shi a makarantu. A wannan shekarar ce kuma aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, wato UPE, wanda ya kai makarantun boko ƙauyuka da dama da ba su da su a da. Shekara shida kacal ke nan da gama yaƙin basasa, don haka babbar manufar ita ce a tarbiyyantar da yara a kan cewa ƙasarsu ɗaya ce.

Bayan haka, gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta ƙara ƙarfafa rera take da karanta alƙawari a ƙarƙashin shirin yaƙi da rashin ɗa'a na 1984. A yau kuma sashe na 24 na Tsarin Mulkin 1999 ya sanya girmama tuta da take da alƙawarin ƙasa cikin haƙƙoƙin da suka rataya a wuyan kowane ɗan Nijeriya. Saboda haka alƙawarin ƙasa yana da gindin zama a doka, kuma duk wani alƙawarin jiha dole ne ya biyo bayansa.

Hujjar masu goyon baya

Masu son a samar da alƙawarin jiha suna cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A ganinsu, yaro ya fi saurin fahimtar abin da ke kusa da shi, kuma wanda bai koyi kishin garinsu da jiharsa ba, da wuya ya yi kishin ƙasa mai jihohi 36. Suna kuma kafa hujja da cewa makarantar da yaron ke ciki, da asibitin da ake kai shi, da hanyar da yake bi zuwa kasuwa, yawancinsu dukiyar jiha ce ko ta ƙaramar hukuma. Idan ya taso yana ɗaukar su a matsayin kayan gwamnati da ba su da mai su, shi ne gobe zai ga ana cire rufin aji ko ana sace benci ya kau da kai.

Wannan tunani ba baƙo ba ne a Jihar Kano. Shirin A Daidaita Sahu da gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta ƙaddamar a 2004 an gina shi ne a kan gyaran ɗabi'u da maido da kunya da riƙon amana da kula da dukiyar al'umma, kuma ya yi amfani da rediyo da makarantu da masu riƙe da sarautun gargajiya wajen isar da saƙonsa. Bugu da ƙari, jihar da aka ƙirƙiro ranar 27 ga Mayu, 1967, wadda aka cire Jigawa daga cikinta a 1991 amma a yau take da ƙananan hukumomi 44, tana da abin alfahari mai yawa da ya kamata yaro ya sani.

Hujjar masu ɗari-ɗari

Ɓangare na biyu kuwa suna da dalilai huɗu da bai kamata a yi watsi da su ba. Na farko shi ne harshe. Duk wanda ya taɓa tsayawa a taron safe na wata firamare a karkara ya san cewa ƙananan yara da yawa suna furta alƙawarin ƙasa da Turanci ne ba tare da sun san ma'anar kalmominsa ba. Ƙara musu wani abin haddar a kan wanda ba su fahimta ba, ɓata lokacin darasi ne kawai.

Na biyu shi ne addini. A wurin Musulmi, alƙawari kaya ne, kuma saɓa shi yana cikin alamomin munafunci, sannan rantsuwa ba ta halatta da kowa sai da Allah. Don haka iyaye suna da haƙƙin su tambayi ainihin abin da ake sa 'ya'yansu su ɗauka wa kansu. Haka nan a Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa akwai Hausawa Kiristoci da suka gaji zama a wurin iyaye da kakanni, waɗanda 'ya'yansu ke zama aji ɗaya da na Musulmi. Sashe na 38 na Tsarin Mulki ya hana a tilasta wa ɗalibi shiga wani sha'ani na ibada na addinin da ba nasa ba. Kalmomin da za su dace da kowa, su kuma gamsar da malaman addini, sai an zauna an tace su da kyau.

Na uku shi ne haɗin kan ƙasa. Sashe na 15 ya ɗora wa gwamnati alhakin tabbatar da cewa biyayya ga ƙasa ta rinjayi biyayya ga ɓangare. Duk wanda ya je kasuwar Kwanar Ɗangora zai ga mutanen Kaduna da Katsina da Bauchi da na kudancin ƙasar nan suna hada-hada, kuma wasunsu a nan 'ya'yansu ke karatu. Alƙawarin da zai raba ɗalibai gida biyu, ɗan asali da baƙo, ya saɓa wa ɗabi'ar Kano ta karɓar baƙi, wadda ita ce ta mayar da ita cibiyar ciniki.

Na huɗu ya fi shafar yankinmu kai tsaye. An daɗe ana neman a ƙirƙiro Jihar Tiga daga kudancin Kano, kuma a 2024 Sanatan Kano ta Kudu, Abdurrahman Kawu Sumaila, ya gabatar da ƙudiri a kan haka a Majalisar Dattawa. Ko mutum yana goyon bayan wannan buƙata ko ba ya yi, tana nuna cewa akwai jama'ar da ke jin birni ya yi musu nisa. Mutumin Riruwai da sai ya ratsa dajin Falgore kafin ya iso Tudun Wada, balle Kano, aikin da ya gani a ƙasa ne zai sa ya ji ana damawa da shi.

Darasi daga wasu wurare

Jihar Osun ta ba mu misali mai amfani. A 2011 gwamnatin Rauf Aregbesola ta fito da tuta da take da tambarin jiha, ta kuma sauya yadda ake kiran sunan jihar a hukumance. A 2017 wata babbar kotun jihar ta yanke hukuncin cewa sauyin sunan ya saɓa wa Tsarin Mulki, sannan da Gwamna Ademola Adeleke ya hau mulki a watan Nuwamba na 2022, maido da sunan asali na cikin umarnin farko da ya bayar. Darasin a nan shi ne, duk alamar da jama'a suka ɗauka ta wani gwamna ce ko ta wata jam'iyya, takan tafi tare da mai ita, a bar yara da malamai da wahalar sake hadda.

A Amurka kuwa, jihar Teksas ta yi doka a 2003 cewa ɗaliban makarantun gwamnati su riƙa karanta alƙawari ga tutar ƙasa da kuma ga tutar jiha kowace rana, amma dokar ta ba iyaye damar su rubuta takarda a ɗauke wa ɗansu. Tun a 1943 Kotun Ƙolin ƙasar ta hana a tilasta wa ɗalibi gaisuwar tuta. Wato ko a inda aka fi ɗaukar wannan al'ada da muhimmanci, an gane cewa kishi ba ya shiga zuciya da bulala.

Abin da muke gani

A namu nazarin, alƙawari igiya ce mai baki biyu. Idan aka ce yaro ya ɗauki alƙawarin riƙon amanar jiharsa, to jihar da al'ummarta su ma sun ɗauki alƙawarin ba shi aji mai rufi, da benci, da alli, da malamin da ke zuwa a kan lokaci. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta riga ta tanadi ilimi kyauta kuma dole daga firamare zuwa ƙaramar sakandare. Gwamnatin Dokta Abdullahi Umar Ganduje ta ayyana ilimi kyauta kuma dole a 2019, sannan Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yuni na 2024. Waɗannan su ne alƙawuran da hukuma ta ɗauka, kuma gwargwadon yadda yaron Yako ko na Kafin Maiyaƙi ya ga sun tabbata a makarantarsu, gwargwadon yadda nasa alƙawarin zai yi nauyi a bakinsa. Gani ya kori ji.

Saboda haka, duk lokacin da batun ya zo gaban mahukunta, muna ba da shawarar a kiyaye sharuɗɗa biyar. A rubuta shi da Hausa mai sauƙi, a kuma taƙaita shi. A sa shi bayan alƙawarin ƙasa. A yi shi da lafazin alƙawari, a nisanci lafazin rantsuwa, bayan an tuntuɓi malaman addinan biyu. Ya ƙunshi duk mazaunin jihar ba tare da duba asalinsa ba. Sannan ya bi ta Majalisar Dokokin Jiha bayan an saurari ra'ayin jama'a, kuma kada sunan wani shugaba ko taken wata jam'iyya ya shiga cikinsa.

Akwai kuma abin da za a iya farawa tun yanzu ba tare da jiran wata doka ba. Hedimasta zai iya ware minti biyar a taron safe, sau ɗaya a mako, ya fassara wa yara jimla ɗaya ta alƙawarin ƙasa da Hausa har su gane ta. Zai iya gayyato dagaci ko wani dattijo ya ba su tarihin yankinsu: cewa Alhassan Ɗantata, attajirin da sunansa ya zagaye Afirka ta Yamma kafin rasuwarsa a 1955, haifaffen Bebeji ne, cewa madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, ita ke shayar da gonakin rani na Kadawa da Kura da Bunkure, cewa an daɗe ana haƙar kuza a Riruwai. Yaron da ya san shinkafa da tumatirin da ake ci a birni da ruwan yankinsu aka noma su, ya sami dalilin alfahari da zai iya nunawa da yatsa.

Daga ƙarshe, muna kira ga shugabannin ƙananan hukumomin Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa, da Sakatarorin Ilimi, da hakimai da dagatai, da kwamitocin kula da makarantu, da ƙungiyoyin iyaye da malamai, da su sanya wannan batu cikin ajandar tarukansu, su kuma riƙa leƙa makarantun garuruwansu da safe domin su ji abin da yara ke faɗa, su ga halin da suke karatu a ciki. Haka su ma iyaye, musamman a lokacin damina da na girbi, su tabbata yara sun je makaranta kafin gona, domin yaron da ba ya cikin layi ba zai ji take ko alƙawari ba, balle darasi.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya taimaki Jihar Kano, Ya kuma zaunar da Nijeriya lafiya, amin.