Dokoki Kaɗai Ba Su Yin Mai Bincike

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, a yau ina so in taɓa wata magana da ba a cika yi ba, watau yadda ake tarbiyyar masu binciken ilmi. Wani zai ce ina ruwan ɗan sakandare da wannan? To, da ruwansa ƙwarai, domin likitocin gobe da masanan gobe ga su nan zaune a azuzuwanmu.

Kowace jami'a tana da dokokin bincike: kada ka ƙirƙiri sakamako, kada ka sauya lamba, kada ka saci aikin wani. Dokoki ne masu kyau. Amma ni a ganina doka tana aiki ne inda akwai ido. Mai bincike kuwa sau da yawa shi kaɗai ne a ɗakin gwaji, daga shi sai littafinsa. In ya rubuta 7 a inda ya ga 9, wa zai sani?

Alal misali, a shekarar 1912 wani Bature mai suna Charles Dawson ya fito da wasu ƙasusuwa a Piltdown, ƙasar Ingila, aka ce na mutumin farko ne. Manyan masana suka yarda, aka sa a littattafai. Sai a 1953 aka gano ashe ƙoƙon kan mutum ne aka haɗa da muƙamuƙin wani babban biri, aka goge haƙoran, aka rina ƙasusuwan don su yi kamar tsofaffi. Shekara 41 ana karanta ƙarya! Wannan dai lokacin mutane ya ɓata. Akwai wanda ya fi shi zafi, kuma a gida ya faru.

A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada wani sabon magani, Trovan, a Kano. Yara kusan 200 aka yi gwajin da su, aka ba rabi sabon maganin, rabi kuma wani da aka sani, yara 11 suka rasu. Iyaye suka ce ba a bayyana musu cewa gwaji ake yi ba. Kamfanin ya musanta laifi, ya ce cutar ce ta kashe yaran, amma a 2009 ya sasanta da Gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Ni abin da ya fi tsaya mini shi ne abin da ya biyo baya. Da aka tashi ƙin rigakafin shan inna a 2003, wannan labari yana cikin abin da jama'a suka riƙa kafa hujja da shi. In amana ta zube tsakanin masana da talakawa, yaran da ba su san hawa ba su san sauka ba su ke kwana a ciki.

Saboda irin waɗannan abubuwa ne wasu masana suka koma ga wata tsohuwar koyarwa ta Aristotle, mutumin Girka. Shi a wurinsa, kyawun hali ba hadda ba ne, sabo ne: mutum yana zama mai gaskiya ta hanyar yin gaskiya yau da gobe, kamar yadda magini ke ƙwarewa ta hanyar gini. A 2018 Tarayyar Turai ta ɗauki nauyin wani shiri mai suna VIRT2UE, wanda ya fara da horar da masu horarwa tukuna. Ba karanta musu dokoki kawai ake yi ba. Ana zama ƙungiya-ƙungiya, kowa ya kawo wata matsala da ta taɓa ɗaure masa kai a aikinsa, a tattauna wane hali ake bukata a nan, ƙarfin zuciya ne ko haƙuri ko adalci. Na ga hikimar fara wa da malamai, don ɗalibi ya fi kwaikwayon abin da malaminsa ke yi bisa abin da yake faɗa.

Mu kuwa wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Malaman Hadisi irin su Imamu Bukhari, wanda ya rasu a 870, ba su karɓar ruwaya sai sun binciki mai ruwayar ta fuska biyu: adalcinsa, da kuma ƙarfin kiyayewarsa. Wanda aka san shi da ƙarya a zancensa na yau da kullum, ko da bai taɓa yi wa Hadisi ƙarya ba, ajiye ruwayarsa ake yi. Watau tun tuni sun gane ba a raba ilmi da halin mai ɗauke da shi.

To, mu dawo makaranta. Kowa ya san abin da ke faruwa ranar gwaji a ɗakin kimiyya. An ce a auna ƙarfin jan ƙasa da zare da ɗan ƙarfe mai lilo. Littafi ya ce 9.8, awo ya ba da 9.1, sai ka ga ana ta goge-goge har lamba ta yi daidai da littafi. Ba wanda ya mutu, gaskiya ne. Amma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma hannun da ya saba gyara lamba a aji huɗu ba zai ji nauyin gyara ta a asibiti ba.

Na san za a ce ai maki ne ke jawo haka, wanda ya kusanci amsar littafi shi ke cin jarrabawa. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, shi ya sa roƙona ga malamanmu yake. A aikin aji, wanda ya rubuta 9.1 ya kuma bayyana dalili, ko zaren ne bai aunu daidai ba ko agogo ne ya makara dannawa, a ba shi maki fiye da wanda ya kawo 9.8 babu bayani. Iyaye kuma in an kawo littafin gwaji gida, ban da duba jan biro, a tambayi yaro ko shi ya auna da hannunsa.