Agogon da Ya Yi Nawa a Kano

Bara wani abokina da ke Manchester ya tsinci tsohon agogon bango mai lilo a kasuwar gwanjo. Wata guda yana gwada shi da wayarsa, bai ga kuskure ba, sai ya naɗe shi da bargo ya aika wa mahaifinsa Kano. Bayan mako biyu sai ga saƙon tsoho: "Ɗan nan an cuce ka. Sai mun idar da salla agogonka yake cewa lokaci ya yi."

Ba a cuce shi ba.

Christiaan Huygens, mutumin Holan, shi ya ƙirƙiro agogo mai lilo a 1656. Kafin nan agogo kan yi kuskuren kusan minti 15 a rana. Lilon ya mai da shi daƙiƙa 15. Tsawon sandar ne ke yanke saurin lilon, ba nauyin dunƙulen ƙarfen da ke ƙasanta ba. Sanda mai kusan mita ɗaya daƙiƙa guda take ɗauka daga gefe zuwa gefe, shi ya sa agogunan nan na Ingila masu tsayawa a ƙasa suka fi mutum tsawo.

Sai dai akwai abu na biyu, wato ƙarfin da ƙasa ke jan abu da shi, kuma ba ɗaya yake a ko'ina ba. A 1672 Jean Richer, masanin taurari na Faransa, ya kai agogonsa Cayenne a Kudancin Amurka, dab da ikwaita, ya tarar kullum yana yin baya da minti biyu da rabi. Kusa da ikwaita jan ya fi rauni, sai lilon ya yi nawa. Manchester tana digiri 53 ne arewa da ikwaita, Kano tana 12. Lissafin ya haura minti biyu a rana, rabin awa ke nan a mako biyu. Ga kuma zafinmu da ke sa ƙarfe ya miƙe.

Gyaran ba ya buƙatar mai gyara. A ƙarƙashin dunƙulen akwai ɗan noti: a murɗa shi dunƙulen ya hau kaɗan, a jira kwana ɗaya, a sake dubawa. Ko agogon Big Ben na Landan da tsofaffin kwabbai ake daidaita shi. Kowane kwabo da aka ɗora a kan lilon yana ƙara masa sauri da daƙiƙa 0.4 a rana.

Alhaji ya yi kwana biyar yana murɗa noti. Yanzu da agogon yake gyara wa maƙwabta nasu.