Manomin Babura Ma Yana da Ƙarar Shigarwa

A shekarar 2019 mutum takwas daga tsibiran mashigin Torres, a arewacin Ostareliya, suka kai ƙarar gwamnatinsu gaban kwamitin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya, saboda teku na cinye gonakinsu da maƙabartun kakanninsu. A Satumban 2022 kwamitin ya ce an tauye musu haƙƙi, a biya su diyya. Ranar 23 ga Yulin 2025 kuma, bayan fafutukar da ƙasar Vanuatu ta jagoranta, Kotun Duniya ta bayyana cewa kare yanayi wajibi ne a kan ƙasashe, kuma wadda ta yi sakaci ana iya binta diyya.

Babu teku a Jigawa, amma ƙasa na suɓucewa daga hannun masu ita. Rairayi na matsowa Babura daga iyakar Nijar, kwazazzabai na yanka gonaki a tuddan Kazaure, Roni da Gwiwa, damina kuma ta daina cika alkawari: a yi shuka ruwa ya ɗauke, gero ya fara kai sai ya sauko da ƙarfin da ke rusa gidajen ƙasa. Ambaliyar 2022 ta kashe sama da mutum 600 a Nijeriya, kuma Jigawa na cikin jihohin da suka fi jin jiki. Abin da aka saba kai wa wanda gidansa ya faɗi shi ne jaje da buhun masara, ya karɓa yana godiya. Alhali bashi yake bi. Nijeriya na da dokar sauyin yanayi tun 2021, sashe na 24 na Yarjejeniyar Afirka kan haƙƙin ɗan Adam, wadda ta zama doka a ƙasar nan, ya ba al'umma haƙƙin lafiyayyen muhalli, kuma a 2005 babbar kotun tarayya a Benin ta yanke cewa ƙona iskar gas a Neja Delta tauye haƙƙin rayuwa ne.

Za a ce ruwa na Allah ne, wa za a kai ƙara? Gaskiya ne, ba gwamna ke saukar da shi ba. Sai dai magudanar da ba a haƙa ba, da gargaɗin hukumar hasashen yanayi ta NiMet da bai isa kunnen dagaci ba, da kuɗin asusun muhalli da Abuja ke rabawa duk wata, waɗannan amana ce a hannun mutane, kuma addini bai hana a tambayi mai amana ba. Za a kuma ce kotu ba ta da tabbas. Haka ne, a Yulin 2025 wasu dattawan Torres biyu sun faɗi a kotun tarayyar Ostareliya. Amma alƙalin ya karɓi hujjarsu cewa sauyin yanayi na lalata tsibiran, kuma hujjar ta samu ne domin sun tara shaida shekara da shekaru.

Nan ya kamata ƙungiyoyin manoman ƙananan hukumomin huɗu su fara: rubuta kowace gona da kwazazzabo ya ci, kowane ɗaki da ya rushe, da kwanan wata da sa hannun mai unguwa, sannan su nemi lauyoyi a Dutse su tambayi gwamnati a rubuce inda kason Jigawa na asusun muhalli ya shiga.