Ciwon jijiyar ido: Yadda jinkirin samun ƙwararren likita ke jawo makanta

Ba kowace raguwar gani tabarau ke magancewa ba. Idan cutar gilakoma ko wani ƙari a cikin kai ya taɓa jijiyar da ke kai saƙo daga ido zuwa ƙwaƙwalwa, sashen da ya mutu ba ya farfaɗowa. Likitocin da suka haɗa ilimin ido da na jijiya kuwa ƙalilan ne a Najeriya, ga hijirar likitoci zuwa ƙetare. Majinyaci kan ɓata watanni tsakanin kemis da mai tabarau kafin a tura shi asibitin koyarwa ko Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna. Horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci su gane alamun cutar, su tura majinyaci da wuri, shi ne gyaran da ya fi gaggawa.